Tabar Naɗi Mai Tsada da Idon Mai Goron Zongo

Da hantsi a unguwar Zongo ta Kwatano, 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa, masu rawayar riga suna ta kai-komo a gaban babban masallaci, mai goro kuwa yana zaune a inuwa ya kwance bakin huhu. Ya yaye ganyen da aka lulluɓe goron da shi, ya cusa hannu can ƙasa, don kowa ya san na sama ado ne. Ya ɗauko ɗaya ya jujjuya, yana duba ko akwai ɗigon huda, alamar sankara ta shiga. Ya latsa da babban yatsa. Ya sa farce ya ɓare yana kasa kunne: goro mai rai ƙaras yake yi, wanda ya sha iska kuwa lanƙwashewa yake kamar roba. Sai ya sansana, ya gutsiri kaɗan, ya yi shiru har ɗacin ya wuce, zaƙin da ke bin bayansa ya iso. Sai an gama wannan duka ake taɓa maganar kuɗi.

Da za a ɗauki wannan mutum a ajiye shi a Habana, babban birnin Kuba, cikin ɗakin da ake tantance tabar naɗi, ba zai daɗe yana baƙunta ba. Tabar naɗi ita ce ƙatuwar tabar nan mai launin ƙasa da ake gani a bakin attajirai cikin finafinai, wadda masu jin Faransanci a Kwatano ke kira sigar. Kara ɗaya na manyan samfura yakan haura dala 100. Masu sayenta suna tantance ta da ido, da yatsa, da hanci, da harshe, kuma abokan gabarta su ne na goro: bushewa, ruɓewa, da ƙwaro.

Bambancinta da sigari a fili yake. Sigari yankakkiyar taba ce da inji ke ɗurawa cikin takarda. Ita kuwa tabar naɗi ta ƙwarai ganye ce zalla, da hannu ake naɗe ta, kuma sutura uku gare ta. Akwai ciki, wato dogayen ganye da ake lanƙwasawa a jera yadda hayaƙi zai sami hanya. Akwai ganyen da ke ɗaure cikin, kamar majanyi. Sannan babbar riga, ganye guda lafiyayye mai santsi, wanda shi ido ke fara gani, shi ne kuma mafi tsada.

Ko a jikin shuka ɗaya ganye ba ɗaya ba ne. Na can sama, wanda ya fi shan rana, shi ne mai kauri da ƙarfi, yana ci a hankali. Na tsakiya shi ke ba da ƙamshi. Na ƙasa ba shi da wani ɗanɗano sosai, amma shi ke riƙe wuta. Gwanintar mai haɗawa ita ce sanin nawa zai ɗiba daga kowanne. Ganyen riga kuma sau da yawa a ƙarƙashin rumfar farin yadi ake noma shi don kada rana ta kaurara shi. Yankin Vuelta Abajo, a lardin Pinar del Río na yammacin Kuba, shi ne ya fi suna a duniya wajen wannan noma, kamar yadda tsofaffin fatake ke ambaton Gwanja in ana zancen goro.

Bayan girbi ana rataye ganyen a rumbu na tsawon makonni har kore ya koma ruwan ƙasa. Daga nan a jibge shi tuli-tuli ya ɗumama da kansa, ana juya shi, har kaifinsa ya fita. Sai a ɗaure a ajiye, wani shekara guda, wani shekara uku ko fiye. Mai goro ya san wannan ma: sabon goro da daushe ba kuɗinsu ɗaya ba, kuma daushe bai zama daushe sai an yi watanni ana kwance huhu, ana tsince ruɓaɓɓu, ana sake ganye.

Masu naɗi a masana'antun Habana suna aiki da allo da wata wuƙa mai faɗi marar ƙota. Tun 1865 suke da al'adar ɗaukar mai karatu, wanda ke zaune a sama yana karanta musu jarida da littattafai suna aiki. Samfurin Montecristo, da aka fara a 1935, daga littafin Alexandre Dumas ya samo suna. Partagás ya girme shi, tun 1845 yake. Cohiba kuwa a 1966 aka fara naɗa ta, ta Fidel Castro ce da baƙin gwamnati, sai a 1982 aka sake ta kasuwa.

To yaya ake gane ta ƙwarai? Ana farawa da ido. Rigar ta kasance launi ɗaya daga kai har gindi, da ɗan sheƙi kamar an shafa mai, ba yagewa, ba manyan jijiyoyi. Sai yatsa: a bi karan ana latsawa a hankali. In wani wuri ya yi tauri kamar dutse, an cusa ganye da yawa, hayaƙi ba zai wuce ba. In wani wuri ya lotsa, akwai rami, wuta za ta bi gefe ɗaya. In rigar ta yi ƙara ta tsage, ta bushe. Sai hanci, tun ba a kunna ba.

Bayan an datse kan da 'yar almakashinta, ana kunna ta da ashana ta itace ko wutar gas marar wari, ana jujjuya gindin a kan harshen wuta har ya kama ko'ina. Masu shanta ba su zuƙa hayaƙin zuwa ƙirji. A baki suke riƙe shi su fesar, kusan zuƙa ɗaya a minti, don in aka matsa mata tana zafi ta yi ɗaci. Ana lura da zoben wutar, ko yana tafiya daidai. Ana lura da tokar, ko tana tsayawa a dunƙule har tsawon gaɓar yatsa. Ana kuma bin ɗanɗanon kashi uku, farko da tsakiya da ƙarshe, domin yana sauyawa, masu abin suna kwatanta shi da itace, fata, gahawa, koko ko barkono.

Girma ma yana da lissafi. Tsawo da inci ake auna shi, kauri kuma da kashi 64 na inci. Wadda ake kira Churchill, don tunawa da firaministan Ingila da ba ya rabo da ita, inci 7 ce da kauri 47, takan ci fiye da awa guda. Robusto gajeriya ce, wajen inci 5 da kauri 50. Mujallar Cigar Aficionado, da Marvin Shanken ya kafa a Amurka a 1992, tana ba da maki bisa 100, kuma kafin a miƙa wa alƙalanta kara sai an cire takardar sunan da ke ɗaure a wuyansa, don kada suna ya rinjayi harshe.

Inda mai tabar naɗi a Kwatano zai fi shan wahala shi ne ajiya. Ana so ta zauna a laima kusan kashi 70 cikin 100, da zafin da bai wuce digiri 21 ba, cikin akwati mai rufin wani itace mai ƙamshi. Kwatano kuwa tana tsakanin teku da tafkin Nokuwe, iskarta jiƙe take, zafinta ya zarce wannan kusan duk shekara. A irin wannan yanayi taba takan kumbura ta yi fumfuna, ƙwan ƙwaron taba ya ƙyanƙyashe ya huda kara kamar an soka allura. In aka ɗauke ta zuwa Maraɗi ko Kano da hunturu, cikin 'yan kwanaki rigar ta dare. Fataken goro sun yi ƙarnuka suna wannan yaƙi da ganye da yayyafin ruwa.

Jabu ma ya yi yawa, musamman na Cohiba. Akwatin da aka yi wa murfin gilas ana tallarsa da araha a bakin titi, masana sun daɗe da sanin ba daga masana'anta ya fito ba. In aka tsaga irin wannan kara, sau da yawa ɓarɓashi ake samu maimakon dogon ganye.

Wannan gaɓar teku tana da nata tsohon labarin da taba, kuma labari ne mai ɗaci. Kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano garin Wida yake, inda Turawan Fotugal suka gina sansaninsu a 1721. A ƙarni na 18 jiragen Bahiya ta Barazil sun riƙa zuwa nan da taba suna komawa da bayi. Ganye mai daraja ta ɗaya da ta biyu Lisbon ake kai shi. Na uku, wanda doka ta hana shigar da shi Fotugal, shi ake murɗawa kamar igiya a shafe shi da ruwan rake mai kauri don kada ya bushe. Wannan ragowar ita ce mutanen gaɓar suka fi so, har ta kai Turawan Ingila da na Faransa sai sun saye ta daga hannun 'yan Bahiya kafin cinikinsu ya tafi daidai. Mutanen Holan da ke riƙe da sansanin Elmina kuma suna karɓar kashi 10 cikin 100 na lodin kowane jirgi. Mai bincike Pierre Verger ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1968.

Cikin waɗanda aka yi musayarsu da wannan taba har da Hausawa. An san su a Bahiya da yunƙurin tawaye tun 1807, Musulmin garin kuma suka yi babban borensu a 1835, bayansa da dama suka dawo Wida, Porto-Novo da Legas. Ƙasar da ta noma waccan taba har yanzu tana nomawa: a garin São Félix, kamfanin Dannemann, da wani Bajamushe ya kafa a 1873, yana naɗa taba da ganyen Mata Fina, wanda a yau ake sayarwa da tsada a Turai.

Afirka ma tana cikin akwatin attajiran. Ganyen riga na gabashin Kamaru da Afirka ta Tsakiya, siriri mai ɗan ƙurji-ƙurji da ɗanɗano mai zaƙi-zaƙi, yana cikin waɗanda aka fi nema. Gidan Arturo Fuente na Jamhuriyar Dominika da shi yake tufatar da samfurinsa Don Carlos. Gidaje irin wannan sun bunƙasa ne bayan 1962, lokacin da Shugaba Kennedy ya hana shigar da kayan Kuba Amurka. Kakakinsa Pierre Salinger ya ba da labari daga baya cewa sai da ya samo wa shugaban kara 1,200 na H. Upmann kafin shugaban ya sa hannu a kan hanin.

A Zongo dai taba ba ta taɓa samun kujerar da goro ya samu ba. Bahaushe ya san ta: ya san taba gari da ake haɗawa da kanwa a dasa a leɓe, ya san anwuru, ya san lofe, mata sun san furen taba da ake goga wa haƙori bayan an ci goro. Malamai sun yi saɓani a kanta tun da ta shigo. Ahmad Baba na Tambutu ya halatta ta a farkon ƙarni na 17, wasu suka haramta, Tijjanawa kuma ba su yarda muridi ya sha ba. Yaro mai tarbiyya ba ya kunna ta a gaban babba. Likitoci sun ƙara nasu: babban kara ɗaya yana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda, kuma ko ba a zuƙa zuwa ƙirji ba, tana jawo kansar baki, maƙogwaro da mashigar abinci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 a shekara. Jamhuriyar Benin, inda Kwatano take, ta yi sabuwar dokar taba a 2017, wadda ta tsananta kan talla da sha a wuraren jama'a.

Don haka tabar naɗi a Kwatano ta fi zama a manyan otal na bakin teku da aljihun matafiya. A Zongo, ranar ɗaurin aure ko suna, ƙwaryar goro ake saye, guda 100, a zaɓi marsa manya-manya, fari da ja. Dattijon da aka miƙa wa nasa zai jujjuya shi a tafin hannu, ya latsa, ya ɓare, ya miƙa wa na kusa da shi ɓari ɗaya, ya jefa ɗayan a aljihun babbar riga sai bayan la'asar.