Daga Yaron Mota Zuwa Direba: Tuƙin Babbar Mota a Batsari da Safana

Duk buhun dankali ko rogon da ya bar kasuwar Batsari ranar Alhamis, a bayan mota yake barinta. Haka gero da dawa da waken da ake nomawa a Ruma da Runka da ƙauyukan gefen dajin Rugu. Babu jirgin ƙasa a wannan yanki, babu kogin da kwale-kwale zai ɗauki kaya. Manomi ya noma, ɗan kasuwa ya saya, 'yan dako su loda, sauran aikin kuwa na direba ne, shi zai kai Katsina ko Dawanau ta Kano, wani lokaci har Legas.

Ba a shiga wannan sana'a ta sama. Uba ko kawu ne ke kama hannun yaro ya kai shi tasha, ya damƙa wa direban da ya yarda da shi, ya ce, “Ga ɗanka nan, amana.” Daga ranar ya zama yaron mota, wanda masu raini ke kira karen mota. Shi ke tashi da asuba ya duba ruwan lagireto da baƙin mai, ya zagaya yana ƙwanƙwasa tayoyi da ƙarfe, don sautin taya mai iska daban yake da na wadda ta sace. Shi ke jan igiya ya ɗaure tamfol. Idan mota ta tsaya a kan tudu da lodi, shi ke dirowa da gudu ya cusa weji ƙarƙashin taya kafin ta gangara baya. Da dare maigida na kwance a cikin kan mota, shi kuwa yana shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, yana gadin batir da man gas.

Sai an ga hankalinsa ake ba shi makulli, shi ma don ya ɗumama inji ne kawai. Bayan nan a bar shi ya gyara tsayuwar mota a tasha, sannan ya ja ta babu kaya a hanyar da ba cunkoso. Shekaru ake yi a haka, ana shan faɗa da yunwa da sanyin hunturu a saman lodi. Da yawa sukan gudu. Wanda ya daure yakan fito ya san kukan injinsa, ya iya canza giya a gangare ba tare da ya ƙona birki ba, ya kuma iya lallaɓa ƙaramar matsala a daji inda babu bakanike. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa.

A da, wahalar hanya ba ta wuce ramuka da faci da shingayen karɓar na goro ba. Da 'yan bindiga suka yi sansani a dajin Rugu, sai lissafi ya canza. Direba ba ya tayar da mota sai ya tambayi wanda ya fito daga can: “Yaya hanya?” Idan aka ce babu kyau, ko an gama lodi sai a jira. Ana tafiya a jere, ana guje wa fitar sassafe da ta bayan magariba, kuma wanda ya ga abin da bai gane ba yakan yi wa na gaba alama da fitila ya juya.

Matakan tsaro ma a kan direba suka fara sauka. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana ɗaukar itace daga daji da fitar da shanu a manyan motoci, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. A watan Satumba aka katse layukan waya. Mai ɗaukar shanu zuwa Kudu ya wayi gari babu lodi, wanda motarsa ta lalace a hanya kuma babu yadda zai kira gida. Rufe iyakar Nijar a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, ya tsayar da masu bin Jibiya zuwa Maraɗi.

Duk da haka samari ba su daina zuwa tasha ba. Ga wanda aka raba da gonar gado, ya dawo cikin gari yana zaman gudun hijira, mota hanya ce ta cin halak ba tare da miƙa hannu ba. Kuɗin ba su da yawa. Idan aka cire na gas, da na ɗan kamasho da ya samo lodi, da na ƙungiyar direbobi ta NURTW, da balas ɗin mai mota, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Amma da shi ake cefane, ake biyan kuɗin makaranta, ake yi wa ƙanne aure.

Jarin direba na gaskiya shi ne amana. Ɗan kasuwa zai loda masa hatsin miliyoyin naira ya koma gida ya kwanta, bai riƙe komai ba sai lambar waya da sanin gidan su direban. Wanda ya taɓa rage buhu ko ya sayar da man mota, labarinsa kan riga shi isa kowace tasha. Wanda kuma ya sha ƙwaya don ya kore barci, ƙarshensa a rami ne, shi ya sa tsofaffin direbobi ke cewa gara ka faka ka runtsa da a kwaso ka.

Burin kowane yaron mota shi ne a ba shi mota, burin direba kuwa ya mallaki tasa, ko da tsohuwar kanta ce da zai biya kaɗan-kaɗan. Abin da suke roƙo a wurin hukuma bai wuce biyu ba: a gyara hanya, a kuma tsare ta. Lodi dai ba zai yanke ba muddin ana noma a Batsari da Safana.