Tatan Sikaso: ganuwar da ta gagari Samori

A kudancin ƙasar Mali, kimanin kilomita 370 daga Bamako, akwai birnin Sikaso. Baƙon da ya ratsa unguwanninsa zai ga guntayen jan bango nan da can, wani jingine da gida, wani a bakin hanya. Ragowar Tata ke nan, wato ganuwa da harshen Bambara.

Sarkin Kenedugu, Tiyeba Tarawore, shi ya gina ta bayan ya mai da Sikaso babban birninsa. Ba siminti, ba ƙarfe: laka ce aka kwaɓa da tsakuwa, talakawa da bayi suka yi ta ɗora ta bisa juna. Bayan ƙanensa Babemba ya faɗaɗa ta, kewayenta ya kai kilomita 9, kaurin gindinta mita 6, tsayinta mita 4 zuwa 6.

Cikin watan Afrilu na shekara ta 1887 Almami Samori Ture ya iso da rundunarsa, ya kafa sansanoni na itace kewaye da birnin. Yana da bindigogi da dawaki, amma ba shi da igwa, harsashi kuwa in ya sami laka mai kauri sai ya nutse ya yi shiru. Wata goma sha biyar ana abu guda. Abin mamaki, yunwa ta fi cin na waje bisa na ciki, domin hatsin Samori daga nesa ake ɗauko shi a ka, ƴan dako suna mutuwa a hanya. Da labarin tawaye ya zo daga ƙasarsa, sai ya janye cikin watan Agusta na 1888, ya bar manyan jarumawansa da dama a ƙasa.

Shekara goma bayan haka sojan Faransa suka zo da abin da Samori ya rasa. Igwa ta huda bangon, birni ya faɗi ran 1 ga watan Mayu na 1898. Babemba ya zaɓi mutuwa da ya shiga hannu. An kwashi jama'a masu yawa aka rarraba su kamar ganima.

Sai dai ɓarnar igwa ba ta kai ta zaman lafiya ba. Gari ya bunƙasa, aka fasa bango don hanyoyi, masu gini suka mai da shi wurin ɗiban ƙasa kyauta, damina kuma tana cin rabonta kowace shekara. Cikin 2009 gwamnatin Mali ta sa Tata a jerin kayan tarihin ƙasa. Takarda dai ba ta tare ruwa. Ginin laka yaɓe yake so bayan kowace damina, da magudanar da za ta kau da ruwa daga gindinsa, da maginan gargajiya waɗanda suka san kwaɓin, ga shi kuwa samarin Sikaso sun fi karkata ga bulo da siminti.