Ma'anar "Swap" a Harkar Waya: Wanne Ne Ciniki, Wanne Ne Sata?

Duk wanda ya saba shiga shagunan waya a Gusau ya san kalmar "swap". Turanci ce, ma'anarta musaya: ban gishiri in ba ka manda. Sai dai a harkar fasaha kalmar na da fuskoki da dama, kuma rashin bambance su na iya jawo wa mutum asarar kuɗinsa.

Ta farko ita ce wadda kowa ya sani. Mutum ya kawo tsohuwar wayarsa, mai shago ya yi mata kuɗi, ya yi ciko ya karɓi wata. Kafin a miƙa tsohuwar, wajibi ne a cire layi da katin memori, a fitar da asusun Google da na WhatsApp, sannan a goge komai. Wadda za a karɓa kuma a danna *#06# a ga lambar IMEI ɗinta, a gwada da ta jikin kwali, don kada a sayi wayar sata.

Ta biyu tana cikin wayar kanta. Idan aka tallata waya da RAM "8GB+8GB", na biyun aro ne daga ma'ajiyar wayar. Masu kwamfuta sun daɗe suna kiran wannan dabara swap, Samsung kuma na kiranta RAM Plus. Tana taimakawa, amma ba ta kai RAM na gaske sauri ba, don haka kada a biya ta da tsada.

Ko Babban Bankin Najeriya ya yi amfani da kalmar. A ranar 23 ga Janairun 2023, lokacin sauya fasalin naira, ya fara shirin "cash swap", inda wakilai ke canja wa mutanen karkara tsofaffin takardun kuɗi da sababbi, har naira 10,000 ga mutum ɗaya.

Mafi haɗari ita ce "SIM swap". Asalinta halas ce: layi ya ɓata ko ya lalace, mai shi ya je ofishin kamfani da lambar NIN ɗinsa, a mayar masa da lambarsa a kan sabon kati. Shi ne abin da ake kira "welcome back". Matsalar tana zuwa ne idan ɗan damfara ya tattara bayanan wani, ya yi shigar burtu ya karɓi layin. Da zarar sabon katin ya tashi, tsohon ya mutu, kuma duk saƙon lambar sirri da banki zai turo, hannun ɓarawon zai faɗa. Babu wanda ya fi ƙarfin wannan. A watan Agustan 2019 ta haka aka ƙwace shafin Twitter na Jack Dorsey, shugaban kamfanin a lokacin.

Alamar farko ita ce ɗaukewar sabis, kuma a nan ne Zamfara ke da matsala ta daban. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta NCC ta umarci kamfanoni su rufe sabis a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, har wasu suka riƙa tafiya Funtuwa don buga waya. Jama'ar da suka ga wannan ba sa razana idan sabis ya ɗauke. Ɗan kasuwa a Tsafe ko mai POS a Bunguɗu zai iya cewa matsalar kamfani ce, ya ajiye wayar ya jira gobe, alhali ana can ana yashe asusunsa.

Gwajin bai da wuya. Idan sabis ya ɗauke, a duba wayar wani na kusa mai amfani da layin kamfani ɗaya. Idan tasa na aiki, a kashe wayar a kunna. Idan har yanzu shiru, a ari waya a kira banki nan take a rufe asusu, sannan a nufi ofishin kamfanin. Idan kamfanin bai saurara ba, NCC na karɓar ƙorafi kyauta a lambar 622.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Kada a karanta wa kowa lambar BVN, NIN ko lambar sirrin da aka turo ta saƙo, ko da ya ce daga banki yake kira. A sa wa layi lambar PIN, domin ko an sace wayar, ba za a zare katin a yi aiki da shi a wata ba. Waya idan ta tafi ana sayen wata, amma layin da ke haɗe da banki shi ne makullin asusu.