Shafin Majalisa Na Ɗan Ƙasa Ne

A 1995 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya buɗe shafin THOMAS domin jama'a su karanta ƙudurorin doka. Sai dai adireshin sakamakon bincike kan daina aiki bayan ɗan lokaci, wanda aka aika wa ya tarar da wayam. Magajinsa, Congress.gov, da ya zo a 2012, ya ba kowane ƙuduri adireshi na dindindin, yana kuma nuna inda ya kwana: majalisar wakilai, ta dattawa, ko teburin shugaban ƙasa. Ba a rufe tsohon ba sai 2016. Duk majalisar da za ta sabunta manhajarta, ta fara tambayar ɗan ƙasa me ke hana shi bibiyar dokar da za ta hau kansa.