Barcin Gada da Barewa a Ƙasar Rima

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda ƙananan namun daji masu kofato, watau gada da barewa da batsiya da kwanta-rafi, suke raba yini da dare tsakanin kiwo da kwanciya. An ɗauki ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo, inda fadamar gulbin Rima da dajin Gundumi suka daɗe suna ba su abinci da mafaka.

2.0 Lokutan Kiwo

A wannan yanki zafin bazara yakan haura digiri 40 a watan Afrilu, don haka dabba ƙarama ba ta iya yawo da tsakar rana. Takan yi kiwo daga asuba zuwa hantsi, ta shige inuwa da walaha, ba ta sake fitowa sai la'asar sakaliya zuwa almuru. Sunan kwanta-rafi ma shaida ne, domin Bahaushe ya lura cewa a cikin ciyawar bakin ruwa yake yini kwance. Ita kuwa gada ba ta damu da zuwa mashaya ba, saboda ruwan ganye da 'ya'yan itace yakan ishe ta.

3.0 Kwanciya da Barci

Sai dai ba kowace kwanciya ce barci ba. Waɗannan dabbobi masu tuƙa ne, kuma bisa ƙirji suke kwanciya don iskar tumbi ta sami hanyar fita. A 1972 wani masani a Faransa, Yves Ruckebusch, ya auna barcin dabbobin gida, ya tarar saniya da tunkiya ba su wuce kimanin awa 4 a cikin 24 ba. Danginsu na daji ma guntu-guntu suke yinsa. Barci mai nauyi, wanda dabba takan lanƙwasa wuya ta ɗora kai bisa kwiɓi, 'yan mintoci ne kawai. Galibin hutun gyangyaɗi ne, kunne a tsaye.

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk da haka, a kwanakinsa na farko ɗan barewa kwance yake yini a ɓoye, uwar tana zuwa jefi-jefi ta ba shi nono. Wanda ya tsince shi ya ɗauka maraya ne, haƙiƙa raba shi ya yi da uwarsa.

4.0 Tasirin Ɗan Adam

Tun da aka kammala madatsar ruwan Goronyo a 1984, noman rani ya ƙara faɗaɗa a fadama, mafaka ta ragu. Wani nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bayanai a kan dabbobi iri 62 a nahiyoyi 6, ya nuna cewa inda mutane suka yawaita, namun daji sukan mai da harkarsu dare. Haka gada take yi kusa da ƙauyuka. Amma daren ma bai tsirar da ita ba, domin hasken fitilar maharbi yakan kashe mata ido, ta tsaya cak.

5.0 Kammalawa

Ke nan lokacin kwanciyar dabba yana bin zafin rana da tuƙa da tsoro, kuma yana sauyawa idan daji ya sauya. Tsofaffin maharban Rima sun san yadda abin yake kafin madatsa. Ya kamata ɗaliban Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo su rubuta wannan ilmi daga bakinsu, tun kafin kwanta-rafi ya zama suna kawai a ƙamus.