Kayan Tarihi a Wasannin Dabarun Mulki na Kwamfuta: Tsintuwa Ko Amana?

Wasan dabarun mulki wani nau'i ne na wasannin kwamfuta da ake ɗora wa mai wasa jagorancin wata al'umma ta tarihi, inda zai kafa garuruwa, ya tsara noma da fatauci, ya tara mayaƙa, ya ƙulla zumunta da maƙwabta ko ya yaƙe su, har ya kai ga rinjaye. Daga cikin abubuwan da masu ƙirƙirar irin wannan wasa da masu buga shi suka daɗe suna saɓani a kai akwai batun kayan tarihi da ake warwatsawa a filin wasa domin mai wasa ya gano su. Wasu na ganin suna ƙara wa wasan armashi da ilimi, wasu kuma na ganin suna shigo da sa'a cikin al'amarin da ya kamata ya dogara ga tunani da tsari. Muhawarar ta shafi Hausawa kai tsaye, domin ƙasar Hausa ta riga ta shiga cikin waɗannan wasanni.

A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa cikin al'ummomin wasan Age of Empires III, aka sanya Sarauniya Amina ta Zazzau a matsayin jagorarsu, Kano kuma babban birninsu. Tun kafin nan, wasan Crusader Kings III da ya fito a 2020 ya ba mai wasa damar farawa da Daurama ta Daura a shekarar 867, sannan a 2022 aka ƙara masa tsarin kayan fada da ake gadonsu ko a ƙwace su. A wasan Age of Empires II na 1999, kayan ibada masu tsarki suna yashe a fili, malamin coci ne kaɗai ke iya ɗaukarsu ya kai gidan ibada, daga nan su riƙa zubo wa mai su zinariya ba yankewa, kuma wanda ya tattara su duka ya riƙe na wani lokaci ya ci wasan. A jerin wasannin Civilization kuwa, tun daga ƙarin da aka yi a 2013, akan tura masanin haƙa ya tono abin da ke binne, wani lokaci ma a ƙasar wasu, a jera shi a gidan adana kayan tarihi domin ya jawo masu yawon buɗe ido.

Hujjar masu goyon bayan wannan tsari tana da ƙarfi, kuma kwarin kogin Haɗeja da kewayensa suna ba ta shaida. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani kwale-kwale da tsawonsa ya haura mita 8, wanda masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka fito da shi a 1994, bincike kuma ya nuna ya kai kimanin shekaru 8,000, wato shi ne mafi tsufa da aka sani a Afirka. A kudancin Jigawa, zane-zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu suna nuna dadewar kiwo a yankin. Duk manomin Kaugama ko Auyo ko Malam Madori a ƙasar Haɗeja ya san cewa garma takan tono kasko da ƙwan ƙarfe na tsofaffin maƙera a kufai, kuma ambaliya takan zaizaye gaɓa ta fito da abin da ƙasa ta rufe. Saboda haka wasan da ya nuna ƙasa a matsayin fili fetal da ba wanda ya taɓa zama a kai kafin mai wasa ya iso ya fi nisa da gaskiya a kan wanda ya binne kayan mutanen da a cikinta.

Sai dai matsalar tana cikin abin da wasan yake sa a yi da kayan bayan an same su. A mafi yawan waɗannan wasanni, abin tarihi ba shi da mai shi, ba shi da dangi, wanda ya riga kai hannu shi ne da shi, kuma darajarsa ita ce zinariya ko makin da yake haifarwa. Wannan fahimta ta saɓa wa yadda masarautun Hausa suka riƙe kayansu masu alfarma. Takobin Katsina da ake kira Gajere, da takobin da ake dangantawa da Bayajida a fadar Daura, da tamburan sarauta, da tutocin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba jagororin jihadi, babu ɗaya daga ciki da aka tsinta a daji. Ƙarfinsu ya samo asali ne daga sanin hannun da suka fito da hannun da suka shiga, domin su ne shaidar halaccin mulki, kuma da zarar silsilar ta yanke, abin da ya rage ƙarfe ne da fata da ƙyalle. Tarihin Kano ya kawo labarin Dirki, wani abu da aka naɗe da fatu ana yi masa yanka, wanda aka ce Sarki Alwali, na ƙarshen sarakunan Haɓe, ya sa aka buɗe shi, kuma marubucin ya danganta hakan da gushewar mulkinsa. Ko mutum ya gaskata labarin ko bai gaskata ba, yana nuna cewa irin waɗannan kaya suna ɗauke da nauyi da haɗari ga mai riƙe da su.

Tarihin Haɗeja ya isa ya nuna abin da wasa zai iya ginawa a kan wannan. Garun Gabas, wato Biram ta Hausa Bakwai, tana kusa da Haɗeja, kuma ƙananan masarautun yankin irin su Auyo sun girmi masarautar Fulani da ta kafu a farkon ƙarni na 19. A tsakiyar ƙarnin, Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato, ya kuma karya rundunar da aka tura masa, lamarin da ya sa tambayar wane ne ke da haƙƙin naɗi da tuɓewa ta zama ta rai da mutuwa. A watan Afrilu na 1906 sojojin Ingila suka auka wa birnin, inda Sarki Muhammadu, wanda ake kira Mai Shahada, ya rasu tare da manyan jarumansa. Wasan da ya ɗauki wannan zamani da gaske zai sa tuta ko tambari su yi tasiri a kan biyayyar hakimai da ƙwarin gwiwar mayaƙa, ya kuma sa rasa su ya girgiza masarauta, maimakon ya mai da su rijiyar zinariya.

Akwai kuma darasin da tsarin "wanda ya tsinta shi ne da shi" yake cusa wa matasa ba tare da an furta ba. Shi ne tunanin da ya kwashe kayan tagulla na Benin a 1897, waɗanda sai a 2022 Jamus ta fara mayar wa Nijeriya da na hannunta. Shi ne kuma ya jawo haƙar ɓarayi da ta lalata wuraren mutum-mutumin yumɓu na Nok da na Katsina da Sakkwato a shekarun 1990. Masanin haƙa yana karanta tarihi ne daga zurfin da abu yake kwance da abin da ke kewaye da shi, don haka tukunyar da aka fizgo aka sayar ta rasa mafi yawan bayanin da take ɗauke da shi. Dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana haƙa da fitar da kayan tarihi ba da izini ba. Fiƙihun Malikiyya ma, wanda ake karantawa a zaurukan Haɗeja, ya bambance tsintuwa, wadda ake cigiyar mai ita har shekara guda, da rikazi, wato dukiyar da aka binne kafin zuwan Musulunci, wadda ake fitar da humusinta. A duka biyun, samun abu yana zuwa da haƙƙi a wuyan wanda ya same shi.

Game da ƙorafin cewa kayan da ake ganowa suna shigo da sa'a, gyaran yana hannun masu tsara wasa, domin idan kayan suka kasance a wuraren da tarihi ya hukunta, kamar tsofaffin birane da hanyoyin fatake da filayen daga, neman su zai zama aikin lissafi da sanin ƙasa. Idan kuma aka ba mai wasa zaɓi tsakanin ya sayar, ko ya adana, ko ya mayar wa masu abu, kowanne da ribarsa da asararsa ta fuskar dukiya da mutunci a idon maƙwabta, to abin tarihin ya zama tushen shawara mai wuya, wanda shi ne ainihin abin da wasan dabaru yake nema.

Amsar dai ita ce kayan tarihi suna da gurbi a wasan dabarun mulki, da sharaɗin su shigo tare da masu su da labarinsu da alhakin da ke kansu. Aikin da ke gaban masana tarihi na jami'o'in Jigawa, da majalisar masarautar Haɗeja, da matasa masu koyon rubuta manhaja, shi ne su tattara bayanan kufai da kayan fada cikin inganci, su rubuta su a Hausa da sauran harsuna, domin duk wanda zai sa ƙasar Haɗeja a cikin wasa, ɗan gida ne ko baƙo, ya sami sahihin abin da zai gina a kai.