Tsarin Harufan DNA da Makunnin Jinin Jarirai

Zaren DNA a nannaɗe yake a jikin wasu sunadarai da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari, kowane naɗi yana ɗauke da harufa kimanin 147, kuma wannan haɗin ne masana ke kira kuromatin. A bakin kowace ƙwayar gado akwai makunni, wato wurin da ake fara karanta ta, kuma irin harufan da ke wurin suna da hannu wajen sassauta naɗin ko ɗaure shi. Tun 1986 Adrian Bird ya bayyana yankunan da harafin C da G ke yawan zuwa a jere, waɗanda suka ƙunshi kusan kashi 70 cikin ɗari na makunnan ɗan Adam, kuma galibi ba sa ɗaukar tambarin metil mai rufe ƙwayar gado, shi ya sa suke zama a buɗe.

Makunnan dangin beta na himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, ba su cikin wannan rukuni, don haka buɗewarsu ta dogara ga sunadaran da ke kama su. Sakamakon haka iyaye a Suleja suna ganinsa da idonsu: jariri mai sikila yakan yi watanni kusan shida lafiya lau, sannan hannuwa da ƙafafu su fara kumbura, yana kukan da ba ya jin rarrashi. Abin da ya faru shi ne sinadarin BCL11A ya kama makunnin himogulobin na jarirai, wanda ba ya lanƙwasa ƙwayar jini, ya rufe shi, na manya mai ɗauke da cutar ya maye gurbinsa. Wasu mutane kuwa sun gaji canjin harafi ɗaya tak a daidai wurin kamun, jinin jarirtarsu bai yanke ba, cutar ta zo musu da sauƙi.

Wannan ne ya karkato akalar wasu masu bincike daga gyaran kuskuren da ke haddasa sikila zuwa sake buɗe makunnin da ya rufe. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin da ke raunana BCL11A a ƙwayoyin jini, sai dai kuɗinsa ya kai dala miliyan 2.2, abin takaici ga Najeriya inda aka fi ko'ina haihuwar masu sikila, kuma iyalai da yawa ko haidiroksiyuriya, ƙwayar da ke ɗaga jinin jarirta, ba sa iya saye a kai a kai.